Dabe mai santsi: abin da aka tattauna a majalisarmu

Ranar Juma'a bayan la'asar, a majalisarmu ta Ƙofar Kaura, hira ta koma kan daben tsakar gida, saboda wata dattijuwa a unguwa ta zame wurin alwala ta karya ƙugu.

Magina biyu da ke wurin bakinsu ɗaya: tayil mai sheƙi na ɗaki ne, kada a kai shi waje. Ruwan Agusta na taɓa shi ya zama tarko. Wanda ya nace sai tayil, ya duba kwali ya nemi mai alamar R11 ko sama (lambar da ke nuna ƙarfin hana santsi), ya jiƙa guda ya taka kafin ya biya. Intalok, wato ƙananan bulo da ake jerawa a ƙasa, ya fi samun goyon baya, don ruwa na bi ta tsakaninsa, sai dai gansakuka kan kama shi a inuwa, a riƙa gogewa. Mai ƙaramin ƙarfi, in ji ɗayansu, ya yi daben siminti a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye. Ni wannan ta fi kwanta min.

A karkatar da dabe wajen kwata, kamar santimita 2 a kowace mita. Matakala kuwa tsayinsu ya zo daidai.

Mai sabon gini ya fara karɓo izini a hukumar tsara birane ta jiha.