"Hawainiyarki ta kiyayi ramata": kashedi ne ko zagi?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Jiya a gidan suna ƙanwata ta kaure da facalarta, facalar ta nuna ta da yatsa ta ce "hawainiyarki ta kiyayi ramata." Wasu sun ce kashedi ne kawai, ita kuwa ta rantse munafuka aka kira ta. Ku raba mana gardama.

Bazazzagi: Kashedi ne, Hajiya. Kowa ya tsaya a gonarsa, shi ke nan.

Malam Na Tudu: To don me ba a ce akuya ba, alhali ita ke cin rama? Hawainiya ƙwari take ci. Laifinta ta hau rama ta saje da ganye, ka kai hannu tsinka ba ka gan ta ba. Mai shiga jikinka ya rikiɗe ake nufi. A Buhari ma an ambaci mai fuska biyu cikin mafi sharrin mutane, ya je wa waɗannan da fuska, ya je wa waɗancan da wata.

Ɗan Boko: Allah gafarta Malam, masana sun ce ba ɓuya kaɗai ke sa ta canja launi ba. Zafi da sanyi, fushi, da neman mace duk suna sa ta.

Bazazzagi: Neman mace? To ashe mun san hawainiyoyi da yawa a unguwarmu.

Baffan Ruga: Ku bar hawainiya, rikiɗa ta gaske kakata ta ba mu labari, Allah ya jiƙanta. Wani baƙo ya sauka ƙauyensu yana fawa, namansa ya fi na kowa araha, amma ba wanda ya taɓa ganinsa a kara yana sayen dabba. Kullum dare kura na ɗauke awaki. Wata rana wani maharbi ya yi kwanto, ya sakar mata kibiya a cinyar hagu, ta gudu tana jan ƙafa. Da gari ya waye aka bi jini, sai ƙofar mahaucin. Aka tarar da shi kwance ya ɗaure cinya da tsumma, wai wuƙa ce ta suɓuce masa. Kaka ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, da kuɗinta ta sayi naman akuyarta, har ta yaba masa. Kuma dai Babarbare ne, ban ƙara komai ba.

Yerwa Fato: Ƙarya kake, bawana! Bafillatani ne ya sayar da awakin ya laƙa wa kura.

Ɗan Kurmi: Wannan mahauci ai yana nan da rai. Jiya yana ƙarƙashin laima, yau ya ɗauki tsintsiya, gobe ka gan shi da kwandon kayan marmari. Tun da gwamnoni biyar suka sauya sheƙa rana ɗaya a 2013, hula kawai ake canjawa. Namanmu ake sayar mana muna tafi.

Malam Na Tudu: Wannan kuma tuban muzuru ne, kaza a baki. Karin magana daban ce, kada ku cakuɗa mana.

Bazazzagi: Ɗan Kurmi, Bakano bai isa ya yi wa kowa gorin canja hula ba.

Yerwa Fato: Ni dai Baffa, kaka ta ce cinyar hagu, amma bara da ka ba mu labarin nan ta dama ce. Wacce za mu ɗauka?