Sifika mai taya ta isa, ko dole sai amfilifayar jita?

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jitata irin ta katako ce mai rami a tsakiya, ba ta lantarki ba, amma tana da wurin sa waya a gindi. Inda ake kirana ba manyan wurare ba ne: walimar abokai, bikin yaye ɗalibai, wani lokaci zaman tsakar gida, mutum talatin zuwa sittin. A babur nake zuwa. Jiya wani ya ce min sayen amfilifayar jita, wato akwatin ƙara sauti da aka yi musamman don jita, asarar kuɗi ce, wai sifika mai taya irin ta masu tallan magani ta wadatar. Haka ne?

DJ na Jega: Wa alaikumus salam. Ba sai ka sakaya sunana ba, ni na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Mai taya tana da batir a cikinta, tana zuwa da makirufo mara waya, ga Bluetooth, a kwalinta an rubuta wat 1000. Wadda kake mafarki wat 30 ce ko 60, kuɗinta kuma ya sayi mai taya fiye da ɗaya. Ga halin da muke ciki na wuta. Ina abin gardama a nan?

Kawu Mai Rediyo: Ɗana, wat dubun nan naka a kwali ya tsaya. Na daɗe ina kwance su a shagona nan Birnin Kebbi. In ka buɗe bayanta, galibi batir guda za ka tarar mai bolt 12, wanda anka rubuta ma 7Ah, irin na UPS ɗin kwamfuta. To 12 sau 7 nawa ke nan? 84, wato wat 84 na tsawon awa guda. Iyakar abin da ke cikin tulun ke nan. Da gaske ce tana jan wat 1000, minti biyar za ta yi ta ɗauke. Lambar da ake dubawa ita ce wadda sunka rubuta ma RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, in ma sun rubuta. Wadda ke da PMPO a gefe ta ɗaukar hankalin mai saye ce.

DJ na Jega: Kawu, lissafi naka ne, ban ja ba. Amma kunne ai ba ya lissafi. In na kunna tawa a bakin tasha har tsallaken titi ana ji.

Kawu Mai Rediyo: Ana ji mana. Injin niƙa ma ana jin shi.

Anti ta Zuru: Ku bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don ni da kuɗin ƙungiyar mawaƙanmu ta coci na yi wannan ciniki. Muka sayi mai taya, muka kai ta liyafar aure a ƙarƙashin rumfa. Yaron da ke kaɗa mana jita ya sa waya, ya taɓa tsirkiya, sai muka ji sauti siriri mai kaifi kamar ana buga faranti da cokali. Jitar da a ɗaki take da murya mai kauri, ta koma gwangwani. Na murɗa maɓallin bes don ya cike, sai ga kuka wuuu, har uwar amarya ta toshe kunne da gefen mayafi. Muka rage, muka lallaɓa. Muna tsakiyar waƙa ta uku, amarya ta fara share hawaye, sai muryar matar nan da ke cikin akwatin ta katse mu da Turanci, wai batir ya yi ƙasa. Har yau yaran unguwar in sun gan ni sai su kwaikwayi muryar.

DJ na Jega: Anti, Allah ya ba ki haƙuri, amma wannan rashin caji ne. Laifin mai kaya ne, ba na kaya ba.

Anti ta Zuru: Na caji na karɓa, laifina ne. Sautin gwangwanin fa, shi ma ni ce?

Kawu Mai Rediyo: Nan ne gizo ke saƙa, kuma ba wanda ya tambayi yaron nan abin da ya kamata. Ƙarƙashin ɗan farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa, akwai wani siririn abu da ake kira fizo, shi ke maida girgizar katako ta zama lantarki. Abin nan ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya. Yana son mashigar da ba ta matsa mai, mai om kamar miliyan ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda mashiga ke tare lantarki, in ya yi yawa ba ta jan kaya da yawa). Mashigar da ke jikin yawancin masu taya don makirufo ko wayar hannu anka yi ta, om dubbai kaɗan ce. Kamar ka aza ma ɗan akuya kayan jaki ne: zai tafi, amma rabin kayan a hanya zai zube, kuma abin da ke fara zubewa shi ne kaurin sautin. Shi ya sa Anti ta ji faranti. Ɗan Argungu, duba gefen jitarka ta sama. Akwai ɗan akwati mai maɓallai da wurin batir mai bolt 9?

Ɗan Argungu: Ina zuwa Kawu, tana ɗaki.

Na-Kamba: Kafin ya dawo, ni duk kun tsawaita. Mu nan bakin iyaka, tsallaka Gaya kawai ka ga yadda mutanen Nijar ke cashewa a biki da ƙaramar amfilifaya ta hannu. Ya nemi irinta gwanjo, an wuce wurin.

Anti ta Zuru: Ƙanena, waɗancan jitar lantarki suke kaɗawa. Amfilifayarsu da gangan aka yi ta don ta canza sauti, ta ba shi kaushi, kuma ba ta da ƙaramar sifikar nan mai fitar da siraran sauti. Jitar katako kuwa so ake a ji ta yadda take, sai dai a ƙara mata murya. Ka sa ta a irin waccan, za ka ji kamar an rufe ta da bargo.

Kawu Mai Rediyo: Kuma gwanjo a duba bayanta kafin a sa a wuta. Kayan da anka yi don Amurka bolt 120 suke ci, tamu 230 ce. An sha kawo min su suna warin ƙuna tun ranar farko.

DJ na Jega: To a bar waya gaba ɗaya mana. A sa wa jitar ɗan abin Bluetooth, ta shiga mai taya kai tsaye.

Kawu Mai Rediyo: Kada ka soma. Bluetooth yana da jinkiri. Don sauraren waƙa ba komai, amma mai kaɗawa zai taɓa tsirkiya, sautin ya biyo baya kamar amsa-kuwwa. Hannunsa da kunnensa za su yi ta faɗa.

Anti ta Zuru: Mu dai daga baya wani ɗan'uwa ya ara mana wata ƙaramar amfilifaya, Roland Cube Street. Wat 5 ce kacal, batir AA shida take ci, tana da mashigar jita da ta makirufo daban-daban. Akwai kuma AC-33 ta kamfanin, wadda don jitar katako aka yi ta, ita batir takwas. In ka sayi batura masu caji ka haɗa da 'yar sola, kai da ɗauke wuta sai labari. Kuma mutum ɗaya ya rataya ta ya hau babur da jitarsa a baya. Gwada haka da mai taya a hanyar ƙauye ka gani.

DJ na Jega: Wat biyar! Anti, wannan ai rediyon Kawu ce.

Anti ta Zuru: A ƙasa ka ajiye ta, rediyo ce. Ɗora ta kan tebur daidai kunnen mutane, a gabanka ba a bayanka ba, ka ji bambanci. Kukan da ya kunyata mu ma daga nan ya zo: mun ajiye sifika a bayan mai jita, sautin yana komawa cikin ramin katakon yana juyawa. Akwai murfin roba da ake toshe ramin da shi, ba shi da tsada. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, a buɗaɗɗen fili da mutum ɗari, ga hayaniyar yara ga janareto, ba za ta kai ba.

Kawu Mai Rediyo: Yawan wat ma ba ya yin abin da mutane ke zato. In ka ninka shi biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, da ƙyar kunne zai ce an yi wani abu. Kafin ka ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma.

DJ na Jega: Na ji duka. Amma ku amsa min wannan. Ranar da mai tsadar nan ta faɗo daga babur, ko ƙurar hunturu ta cika mata maɓallai, ina zai kai ta? Batirin mai taya kowace babbar kasuwa akwai shi. Yaron nan ba albashi gare shi ba.

Kawu Mai Rediyo: Nan kam ka yi gaskiya. Mai taya ko da ido rufe ina gyara ta. Waccan in wani abu ya ƙone a ciki, sai an aika Kano ko Legas, wani lokaci a yi ta jira. Sai dai batirin da kake yabo shi ma yana da sharaɗi: irin mai dalma ne, ba ya son a tatse shi har ƙarshe, ba ya son a bar shi kwance babu caji, kuma zafin watan Afrilu na nan, da ke wuce digiri 40, yana rage mai kwana. Masu barin ta a rana bayan mota su ne abokan cinikina.

Ɗan Argungu: Na duba Kawu. Babu akwati, babu batir, ramin waya ne kawai.

Kawu Mai Rediyo: To kada ka sayi komai tukuna. Irin taka ko wace sifika za ka sa ta, in mashigar ba ta dace ba faranti za ka ji. Akwai ɗan akwatin ƙara ƙarfi da ake sawa tsakanin jita da sifika, mai batir bolt 9, bai kai tafin hannu biyu ba. Ina da guda a shago. Zo da jitar ranar Asabar bayan la'asar. Kai kuma na Jega, jawo mai tayarka, a cike da caji. Mu gwada da akwatin, mu gwada babu shi.

DJ na Jega: Zan zo. Amma in ta yi daɗi da akwatin, ni na ci gardama.

Anti ta Zuru: In ta yi daɗi da akwatin, akwatin ne ya ci. Ku ɗauko mana sautin ku turo, kuma kada wanda ya taɓa maɓallin bes kafin Kawu ya ce.

Na-Kamba: Kuɗin man babur daga Jega fa, wa zai biya?

DJ na Jega: Wanda ya ce wat biyar ta isa.