Wai duk mai karanta labaran soyayya tsakanin maza can zuciyarta ta karkata?

Maman Ilham (Pantami): Salam 'yan uwa. Jiya na ari wayar ƙanwata, sai na tarar da Wattpad, manhajar karanta labarai, a buɗe. Wata ce ta ɗauki mawaƙan Koriya biyu, duk maza, ta ƙulla musu soyayya, babi har sittin. Wallahi ban runtsa ba. Ni a ganina duk mai karanta wannan, can zuciyarta ta karkata.

Anti Zulai: Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Abin ya girmi intanet. Tun shekarun 1970 mata a Amurka ke rubuta irinsa a kan Kirk da Spock, jarumai maza biyu na shirin talabijin Star Trek, suna bugawa a 'yan mujallu suna aika wa juna. A Japan ma a shekarun nan mata ne suka fara zana shi don 'yan mata. Har gobe mata suka fi yawa a ciki, da yawansu da mazajensu da 'ya'yansu.

Malam Habu (Bolari): Daɗewarsa ba ta halatta shi, Hajiya. Addini ya hana, dokar Najeriya ta 2014 ma ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Abin da ido ya saba gani, zuciya takan daina ƙyamarsa. Tsorona ke nan.

Anti Zulai: Malam, ban taɓa hukunci ba. Dalili ake tambaya. Ɗauki littattafanmu na soyayya: jaruma fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, sannan ta yi ta haƙuri da kishiya da uwar miji har shafin ƙarshe. Yarinya na karantawa tana auna kanta, kullum ta ga ta gaza. A waɗancan labaran na maza kuwa babu macen da za ta auna kanta da ita. Babu lefe, babu wanda aka ce ya durƙusa wa wani. Wata ɗalibata ta ce min nan ne kawai take karanta soyayya ba ta jin ana yi mata faɗa. Maganar ta tsaya min a rai, don ni ma marubuciya ce.

Ummi: Ni ma in sa baki, Anti. Wasu son mawaƙan ne kawai, sun ƙi yarda a haɗa su da wata mace. Amma kar mu ɓoye, akwai waɗanda abin da ke ransu ne suke gani a rubuce, kuma ba su da wanda za su faɗa wa.

Maman Ilham: To ita ƙanwar tawa a wane ɓangare take? Har na yi niyyar kai wa Baba wayar.

Malam Habu: A'a, kar ki kai. A nan kam ina tare da Hajiya Zulai, ki kwantar da hankalinki. Duka ba zai gaya miki komai ba.

Maman Ilham: Shi ke nan. Bayan isha'i zan ja ta ɗaki, mu biyu, in tambaye ta me take so a labarin. Ku sa mu a addu'a.