Sikeli ya tsaya cak: me kuka yi da hakan ta same ku?

Maman Nana, Rikkos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Tun bayan ƙaramar sallah na fara rage ƙiba, saboda likita ya ce jinina na neman hawa, ga gwiwoyina suna damuna in na hau bene. Na rage tuwo, na bar lemon kwalba, da safe kuma in na kai yara makaranta da ƙafa nake dawowa. Da farko abin ya yi daɗi, daga kilo 94 na sauko 86, har sai da na kai riguna wajen tela a rage. To yanzu sama da wata guda ke nan sikeli ya ƙi motsi, alhali ban canza komai ba. Jikina ya fara sanyi wallahi. Maƙwabciyata kuma sai tallata mini wani shayin rage tumbi take yi. Don Allah wanda ya wuce wannan gaɓar ya faɗa mini yadda ya yi.

Anti Nas, Bukuru

Wa alaikumus salam Maman Nana. Kafin komai, ki ajiye maganar shayin nan. Yawancinsu maganin wankin ciki ne irin ganyen filasko, ko abin da ke sa yawan fitsari. Ruwa ne ke fita, kitsen yana nan inda yake, kuma ga mai matsalar jini haɗari ne, don gishirin jiki na iya rikicewa. Na ga mata an kawo su a galabaice saboda shi.

Kin ce ba ki canza komai ba, to ai nan amsar take: ke ce kika canza. Jikin kilo 86 ba ya ƙona abin da jikin kilo 94 yake ƙonawa, ko a zaune ko a tafe. Motar da aka sauke wa kaya ba ta shan mai kamar lokacin da take maƙare. Ban da haka, jiki in ya ga abinci ya ragu na tsawon lokaci yakan ɗan tsuke hannu wajen ƙona shi, ya kuma ƙara wa mutum yunwa. Sai abincin da a da yake sa ki raguwa ya zama daidai da buƙatarki ta yau. Mutane da yawa wajen wata 6 da farawa suke cin karo da wannan, ni ma ya same ni bayan yayen autana.

Kuma kada ki raina abin da kika samu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya taimaki hawan jini da suga, ke kuwa kin haura kashi 8. Ki je a sake auna jinin ki gani.

Baban Abba, Dogon Dutse

Hajiya, ni nawa a cikin tukunya aka gano shi. Sikelina ya daɗe a tsaye, malmala ɗaya nake ci, ina ta mamaki. Wata Asabar ina tsakar gida uwargida na ɗora miyar taushe, sai na ga ta karkato galan ɗin manja kai tsaye cikin tukunya, ya malala har ya rufe gindinta kafin a zuba albasa. Haka ta taso ta ga ana yi, haka ma a gidanmu. Na roƙe ta mu gwada awo da cokali. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne, manja ne ko man gyaɗa duk ɗaya, wato cokali biyu sun isa su mayar da abin da tafiyar rabin awa ta ƙone. Yanzu da cokali ake zubawa, miyar kuma ba ta rasa daɗinta ba, daddawa da kifi sun riƙe ta.

Na biyu shayi. Kun san sanyin Jos in hunturu ya kama, mutum ba ya iya wuce teburin mai shayi bayan asuba. Kofi guda mai kauri, madara da Milo da suga, ga burodi da soyayyen ƙwai, wannan cikakken abinci ne, amma ba ma lissafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen ƙaramin cokali 12 a yini, in ma da hali 6. Na koma ruwan bunu da citta da kanumfari, ƙwan kuma dafaffe. Daga nan sikeli ya ci gaba da sauka, a hankali dai.

Ummu Sadik, Anguwan Rogo

Yaya, ki samu tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki daidai cibiya. Ni lokacin da sikelina ya tsaya, siket ɗina sai ƙara sakewa yake yi. Kuma mu mata in al'ada ta gabato jiki na riƙe ruwa, kilo ɗaya ko biyu na iya ƙaruwa ya sake tafiya da kansa. Haka in an ci abu mai gishiri da yawa da dare. Ki riƙa hawa sikeli da safe kafin ki ci komai, rana ɗaya a mako, ki kwatanta wata da wata. Abin da ake so shi ne ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum.

Sadauki, Gangare

Maman Nana, tafiya kaɗai jiki kan saba da ita. In mutum na rage ƙiba ba kitse kawai ke tafiya ba, har tsoka na zaizayewa, ita kuwa tsoka ko kana zaune tana cin abinci. Shi ya sa masana suka ce ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, a ware kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Mu a unguwa siminti muka zuba a gwangwanayen fenti muka soka ƙarfe a tsakiya. Ke ba sai kin yi haka ba. Jarka biyu na ruwa a hannu ki zagaya tsakar gida, ko ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, ki yi ta maimaitawa. Tunda gwiwa na damunki ki fara da kaɗan. Sannan Allah ya ba mu gari mai hawa da gangara, ki canza hanya ki bi mai tudu. Wake, ƙwai, kifi da nono kada su yanke a abincinki.

Hajiya Babba, Tudun Wada

Ina so in yi magana a kan acha, don ana cutar mutane da ita a garin nan. Da an ce mutum na rage ƙiba ko yana da suga sai a ce ya koma acha, shi ke nan sai ya cika kwano ya ɗauka magani yake ci. Acha hatsi ce, ƙarfinta bai yi nisa da na shinkafa ba. Abin da ya taimake ni gwate ne, amma gwaten da ganye ya fi hatsi yawa. Nakan shiga kasuwar Farin Gada da sassafe lokacin da ake sauke kaya, in ɗebo kabeji, alayyahu, yakuwa, gauta da karas, duk da raɓarsu. Acha gwangwanin madara ɗaya nake zubawa a tukunyar da ta ishe ni da jikokina biyu, sauran duk ganye ne da wake. Sai ka ci ka ƙoshi har ka yi gumi, kuma yunwa ba ta dawo maka da wuri. Mu da Allah ya ajiye a tsakiyar kayan lambu ba mu da uzuri.

Ban goyi bayan a ce Maman Nana ta ƙara rage abinci sosai ba. Mai hidimar gida da yara in ta takura kanta da yunwa, ranar da ta gaji komai zai rushe.

Maman 'Yan Biyu, Nasarawa Gwong

Ni gaskiya nawa bai sauka ba har yau. Na yi duk abin da aka lissafa a sama, ina nan a kilo 79 kusan shekara guda. Da na je asibiti aka duba, likita ta ce allurar tazarar haihuwa ta wata uku da nake yi tana sa wasu mata ƙiba, muka tattauna abin da ya fi dacewa da ni, aka kuma yi mini gwajin tayirod, wato wata halitta a maƙogwaro da kan shafi ƙiba, ya fito lafiya. Ga rashin barci, 'yan biyu ba sa bari in samu ko kusa da awa 7 da ake so, kuma duk daren da ban yi barci ba washegari fanke da ƙosai kawai raina ke so. Amma ban koma inda na fito ba, jinina ya daidaita, ina sallah a tsaye ba tare da na dafa bango ba. Ban fasa tafiyata ta safe ba, kuma ba zan fasa ba in sha Allahu.

Malam Garba, Dilimi

Ni azumin Litinin da Alhamis nake son farawa ko zai motsa nawa, ga lada. Sai dai ina shan maganin suga. Anti Nas, ya kika gani?

Anti Nas, Bukuru

Malam, kada ka fara sai ka zauna da likitan da ya ɗora ka a kan maganin. Wasu magungunan suga, musamman insulin da irin su glibenclamide, suna iya faɗar da sugan ƙasa sosai in ciki ba komai, mutum ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Wani lokaci ana canza awo ko lokacin shan maganin sai azumin ya yiwu. Ka tafi da kwalin maganin da littafin da kake rubuta awon suganka. In ya amince, ka lura da buɗa-baki: dabino kaɗan da ruwa, ka yi magariba, sannan ka ci abincinka na kullum, ban da kunu mai suga da tulin soye-soye.