Fim da kiɗa a hannun mutum ɗaya: yaya Robert Rodriguez ya yi?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana yawan kawo misalin Robert Rodriguez, Ba'amurken nan da aka ce ya yi fim da dala 7,000 kacal, shi ne darakta, shi ne mai kyamara, shi ne edita, har kiɗa ma yana yi. Don Allah masu sani, yaya aka yi hakan ta yiwu? Wanda bai shiga makarantar fim ba, kyamara ɗaya gare shi sai fiyano, ta ina zai fara?

Tsohon Edita:
Wa'alaikumussalam. Maganar kuɗin gaskiya ce, sai dai rabin labarin ake ba ku. Fim ɗin El Mariachi ne, ya ɗauke shi a Ciudad Acuña, wani gari na Meziko da ke bakin iyaka da Texas. Wani ɓangare na kuɗin ma ya samo shi ne ta hanyar ba da kansa a gwada sabon magani a jikinsa, wannan kam kada ka kwaikwaya.

Kyamarar aro ce, mai cin fim na milimita 16, ga ƙara kamar keken ɗinki, ba yadda za a naɗi magana tana aiki. Sai ya riƙa ɗaukar hoto zalla, yana gamawa ya ajiye kyamara, ya sa 'yan wasa su maimaita maganarsu nan take a wurin, ya naɗa a kaset. Wajen tacewa, duk inda baki ya saɓa da magana sai ya yanke ya nuna fuskar mai sauraro ko wani abu daban. Yawan yanke-yanken da ake yabawa a fim ɗin, larura ce ta haifar da shi. Kusan kowace fitowa sau ɗaya yake ɗauka saboda tsadar fim, kuma a keken marasa lafiya ake tura shi idan yana son kyamara ta yi tafiya.

Abin da ba a faɗa: da kamfanin Columbia ya sayi fim ɗin, ya kashe ninkin-ba-ninkin wancan kuɗin wajen gyaran sauti da mayar da shi na silima, kafin ya ci kyautar 'yan kallo a bikin finafinai na Sundance na 1993. Kiɗan ma ba shi ya yi ba, sai a finafinan da suka biyo baya ya fara tsara nasa.

Mai Sauti:
Malam ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ɗan kallo yana yafe hoto mai duhu, ba ya yafe maganar da bai ji ba. Ƙanena, kuɗinka na farko sa shi a makirufo da 'yar rikoda, ba sabon lens ba.

Makirufo ya zauna kamar santimita 30 zuwa 50 daga bakin ɗan wasa, ta sama, yana duban ƙirjinsa. Saita rikoda a 48 kHz, kada murya ta haura -12 dB, don idan ta fashe ba ta gyaruwa. Kafin kowace ɗauka wani ya yi tafi ɗaya a gaban kyamara, da shi za ka daidaita hoto da sauti. Idan kun gama sin, wato fitowa, kowa ya yi tsit na minti ɗaya ka naɗi shirun ɗakin. Da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu, in babu shi sautin zai riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Janareto kuma a kai shi nesa, bayan katanga, a ja doguwar waya. Tunda wutarmu 50 Hz ce, ɗauki firem (hoto) 25 a daƙiƙa, shata (ƙofar hasken kyamara) a 1/50, in ba haka ba fitilu su riƙa ƙyaftawa a hoton.

Mai Fiyano:
Ɓangaren kiɗa zan ɗan ƙara. Kuskuren makaɗi idan ya koma darakta shi ne ya tsara kiɗa tun da wuri, ya ƙwallafa rai a kansa, sannan ya riƙa jan sin don ya yi daidai da tsawon kiɗan. Fim ya zama bidiyon waƙa ke nan. A gama tace hoto tukuna, a kulle shi, ba ƙari ba ragi. Sai ka fitar da shi ka zuba a manhajar haɗa sauti ta Reaper, ka kalla ba kiɗa, ka rubuta minti da daƙiƙar da kiɗa zai shiga da inda zai fita. Za ka ga wurare da yawa shiru ya fi musu kyau.

A ƙarƙashin magana ka guji sarewa da duk abin da muryarsa ta yi kusa da ta mutum, kokawa suke yi a kunne. Fitar da kiɗa daban, magana daban, ƙarar wuri daban, duk a 48 kHz, saboda ranar da za a nemi fassara. Darakta Satyajit Ray na Indiya, wanda kamar kai bai yi makarantar fim ba, makaɗi Ravi Shankar ya ba kiɗan fim ɗinsa na farko a 1955, sai a 1961 ya fara yin nasa. Ba abin kunya ba ne ka ba wani a karon farko.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. To idan da waya aka ɗauka fa? An ce sauti yana zamewa.

Mai Sauti:
Yana zamewa kuwa. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firem ɗaya, idan ta yi zafi ko haske ya ragu sai ya sauya. Tafin farko zai zauna daidai, bayan wasu mintuna ka ga baki ya riga magana. Wuce da bidiyon ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, ka zaɓi tsayayyen firem 25, sannan ka shigar da shi manhajar tace fim ta DaVinci Resolve. Asalin fayil ɗin kuma ka ajiye a faifai biyu kafin ka taɓa komai.