Waya mai maɓallan wasa: in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan na kasa yanke shawara. Idan wasa ya yi zafi, yatsuna na zamewa a kan gilashi saboda gumi, ga kuma babban yatsa yana tare mini rabin fuskar waya. Shi ya sa nake marmarin waya mai maɓallai na gaske, irin Xperia Play ta 2011 da ake zamo maɓallanta daga ƙasa.

Abin da ya tsaya mini shi ne PUBG Mobile, wanda nake bugawa kullum, bai amince da madannin wasa a hukumance ba. Ga nauyi, ga kauri a aljihu, kuma maɓalli in ya lalace, wa zai gyara?

Wanda ya taɓa amfani da irinta, ko da madannin wasa na Razer Kishi da ake maƙala wa waya, don Allah wanne ya fi?