Batirin lithiyam a kwale-kwale: wai bam ne?

Injiniya: Jama'a, abin nan ya isa haka. Yara na kwance batiran tsofaffin laftof, su jera ƙananan ƙwayoyin batirin da ke ciki, masu lamba 18650, a kwali, su naɗe da salatif, su sayar wa masuntan Zobe da Jibiya wai su ajiye injin fetur. Babu BMS, wato na'urar da ke kare batiri daga wuce ƙima wajen caji da jan wuta, babu fiyus, babu akwatin da zai hana ruwa shiga. Bam ake ɗora wa bawan Allah a tsakiyar dam.

Mai Sola: Bam? Haba Injiniya, ka janye kalmar nan, da irinta ake kashe mana kasuwa. Lithiyam ba iri ɗaya ba ne. Nau'in da ake kira LiFePO4 ƙwayarsa bolt 3.2 ce, ka jera 16 ka samu 51.2. Mai 100Ah (ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) na riƙe kilowat-awa 5.12, nauyinsa kusan buhun siminti ɗaya. Ba ya saurin kamawa da wuta kamar na laftof mai bolt 3.7.

Ɗan Daura: In haka ne jarkar fetur ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar masunci ita ce babban bam.

Bakanike: Fetur in ya zuba hanci zai faɗa maka. Kuma ku yi lissafi: injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 kusan kilowat 11 ne. Batirin Mai Sola ba zai yi rabin awa ba, sai a koma ga filafili.

Mai Sola: Oga, wa ya ce mai duba raga na buƙatar doki 15? Injin lantarki mai kilowat 3 ya wadatar. Amfiya 60 yake ja, in an murɗe shi duka ya yi awa ɗaya da minti 40. Ka rage gudu rabi, cin wutar ya faɗi ƙasa da rabi nesa ba kusa ba, don ture ruwa da sauri shi ke shanye batiri.

Bakanike: A sa tubula, batirin nan mai ruwa na inbata, guda huɗu mana, kowa ya san gyaransa.

Mai Sola: Mai 220Ah kowanne kusan kilo 60 ne. Kilo 240 ke nan, kuma rabin cajin kaɗai za ka taɓa. Kifin a ina za a zuba?

Ɗan Daura: Ni dai "bom" na sani, ba "bam" ba.

Bakanike: Kai da duk ruwanku Kusugu ce, ina kai ina zancen jirgi?

Ɗan Daura: Sabke da Daberam fa, a Kofar Kaura suke?

Injiniya: Don Allah ku dawo kan magana. Ni ban ambaci LiFePO4 ba. Ko shi ɗin ma sai an bi ƙa'ida: fiyus dab da kan fozitif, waya mai kaurin sikwaya milimita 25 mai rufin kuza saboda danshi, akwati IP67, wato wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, a ɗaure sama da inda ruwa ke taruwa. Caji kada ya wuce bolt 58.4, kuma ban da cajar tubula. Kada a yi caji a tsakar ranar Afrilu, in ƙwayoyin suka haura digiri 45 ƙarkonsu na raguwa.

Mai Sola: To ka janye "bam" tukuna.

Admin: A taƙaice: an yarda lithiyam ba bam ba ne, injin fetur kwanansa ya ƙare, mai so ya tuntuɓi masu sola. An rufe.

Bakanike: Alhaji, wa ya yarda? Ai kai ma fanel kake sayarwa.